Canza Difaransin Tsohuwar Mota: Ƙarin Ƙarfi Ne Ko Musaya?

Idan aka cire difaransin da tsohuwar mota ta zo da shi aka saka mai lamba 3.73, aka haɗa mata da wanda ake kira LSD, wato difaransi mai riƙo, motar ta ƙara ƙarfi ke nan? Wannan tambaya tana yawo sosai tsakanin matasanmu na Makka da Jidda, musamman waɗanda suka gaji Caprice ko GMC ko Crown Victoria daga iyaye, da waɗanda suka saya suka gyara don sha'awa. Bidiyoyin Snapchat da TikTok amsarsu ɗaya ce: ga mota ta tashi a fusace, tayoyin baya biyu suna hayaƙi, sai a rubuta a ƙasa cewa difaransi kawai aka canza. Dattawa kuma amsarsu ɗaya ce: kada ka taɓa abin da kamfani ya ɗaure, za ka kashe injin.

Kowane ɓangare yana da rabin gaskiya, kuma abin da ya rikita zancen shi ne an haɗa aiki biyu an mai da su ɗaya. Canza lambar difaransi magana ce ta yawan juyin da inji zai yi kafin taya ta juya. Saka LSD magana ce ta yadda tayoyin baya biyu ke raba ƙarfi a tsakaninsu. Ana iya yin ɗaya a bar ɗaya. Ana yawan yin su tare ne saboda a cikin ƙoƙo ɗaya suke, kuma idan an riga an buɗe shi kuɗin aiki sau ɗaya za a biya.

Aikin da difaransi yake yi

A motar da tayoyin baya ke turawa, ƙarfi yana fitowa daga inji, ya bi ta giyabos, ya bi farfela, wato doguwar sandar da ke juyawa a ƙarƙashin mota, har zuwa wani ƙoƙon ƙarfe da ke tsakiyar aksil ɗin baya. A bakin farfela akwai ƙaramar giya, finiyon, tana cin haƙoran wani babban zobe da ake kira karona a warshoshin nan. Haɗuwar waɗannan biyu ce take karkatar da juyi daga tsawon mota zuwa gefe da gefe, kuma ita ce take rage saurin juyin ta ƙara masa ƙarfin murɗawa.

A tsakiyar zoben akwai kwanso mai ɗauke da wasu ƙananan giyoyi, kuma su ne ainihin difaransi. Duk wanda ya yi ɗawafi ya san cewa mai zagayawa ta kusa da Ka'aba da mai zagayawa ta can baya zagaye bakwai-bakwai suke yi, amma tafiyarsu ba ɗaya ba ce. Haka tayoyin mota suke a kwana: ta waje tafiyarta ta fi tsawo, dole ta fi ta ciki saurin juyi. Ƙananan giyoyin nan su ke ba da wannan dama. Ba don su ba, kowace kwana sai taya ɗaya ta ja ƙasa.

Abin da 2.73 da 3.73 suke nufi

Lambar ba sirri ba ce, rabawa ce kawai. A ƙirga haƙoran karona a raba da na finiyon. Haƙori 41 a kan 15 shi ne 2.73. Haƙori 40 a kan 13 shi ne 3.08, 41 a kan 12 shi ne 3.42, 41 a kan 11 shi ne 3.73, 41 a kan 10 kuma 4.10. Ma'anarta: a 2.73, sai farfela ta yi juyi biyu da kusan kashi uku cikin huɗu kafin taya ta yi juyi ɗaya. A 3.73 sai ta yi kusan huɗu.

Wanda ya tashi daga 2.73 zuwa 3.73 ya ƙara ƙarfin murɗawar da ke isa taya da kashi 37 cikin ɗari, a kowace giya. Wannan gaskiya ne, kuma ana jin sa a baya da zarar an taka totur. Amma injin bai ƙara doki ko ɗaya ba. Abin da aka samu a tashi an biya shi da juyi: a kowane gudu, injin zai yi juyi fiye da da, da wannan kashi 37 ɗin dai. Babu wata lamba da take ba da na farko ba tare da ta karɓi na biyu ba. Duk wanda ya ce maka ya samu tashi mai zafi kuma motarsa ta ƙara gudun ƙarshe da sauƙin mai daga canjin difaransi kaɗai, to wani abu daban aka gyara masa a ranar.

Dalilin da ya sa Caprice take da nauyin jiki

Masu ƙorafin cewa motar tana da kasala a tashi ba ƙarya suke yi ba, kuma asalin kasalar yana da alaƙa da ƙasar nan ta Saudiyya. A watan Oktoba na 1973, zamanin Sarki Faisal, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka dakatar da sayar wa Amurka fetur saboda yaƙin da aka yi da Isra'ila. Mai ya yi wuya ya yi tsada a can. A farkon 1974 Amurka ta ƙayyade gudu a manyan hanyoyinta zuwa mil 55 a awa, wato kimanin kilomita 89. A 1975 ta kafa doka da ta tilasta wa kamfanonin mota rage shan mai, daga matsakaicin mil 18 a galan a motocin 1978 zuwa mil 27.5 a 1985.

Kamfanonin suka bi hanyoyin da suka fi sauƙi. Chevrolet ta rage girman Caprice a 1977. Dokokin hayaƙi sun riga sun rage wa injina ƙarfi, har V8 mai lamba 305 ya koma bai kai doki 200 ba. Sannan aka saka difaransi masu ƙananan lambobi, irin su 2.41 da 2.56 da 2.73, don injin ya riƙa juyi a hankali a kan hanya. Motocin da aka ƙera don magance ƙarancin mai a Amurka su ne suka cika titunan Jidda da Riyad, inda mai ke da arha. Iyayenmu da suka yi jigilar alhazai da su ba su damu da kasalar tashi ba, domin abin da suke nema shi ne mota ta yi Makka zuwa Madina ta dawo ba ta yi zafi ba, kuma ta yi musu hakan shekara da shekaru.

Lissafin hanyar Madina

A nan ne ya kamata kowa ya tsaya ya ɗauki biro. Akwai lissafi mai sauƙi: gudu a kilomita, sau lambar difaransi, sau 209, a raba da tsayin taya a inci. Abin da ya fito shi ne juyin inji a minti ɗaya, idan giyar ƙarshe ta giyabos kai tsaye take, wato juyi ɗaya na inji juyi ɗaya na farfela.

Mu ɗauki Caprice mai taya 225/70R15, wadda tsayinta ya kai inci 27.4, da tsohon giyabos mai giya uku irin TH350. A gudun 120, difaransi 2.73 zai sa injin a wajen juyi 2,500. Da 3.08 ya koma 2,800. Da 3.42 ya haura 3,100. Da 3.73 ya kai 3,400, da 4.10 kuma 3,750. Tun watan Fabrairu na 2018 aka ɗaga iyakar gudu zuwa 140 a wasu manyan hanyoyi, ciki har da Makka zuwa Madina, Jidda zuwa Madina, da Riyad zuwa Ɗa'if. A 140, mai 3.73 yana gab da juyi 4,000, kuma tsohon giyabos na atomatik yakan ƙara ɗan sulɓi a kan haka.

To a duba abin da wannan yake nufi. Hanyar Hijira daga Makka zuwa Madina ta haura kilomita 400. Injin da ya shekara talatin ko arba'in zai yi awa huɗu yana juyi 3,400 zuwa 4,000, a watan Yuli, zafi ya wuce digiri 45, na'urar sanyi a kunne, lagireto kuma wataƙila tun na asali ne. Ƙara za ta hana hira a cikin mota, baƙin mai zai yi zafi ya tsinke, man giyabos ma haka. Shawarwarin da ake kwasowa daga intanet yawanci na mutanen da ke fito da motarsu ranar hutu ne su yi 'yan kilomitoci a gari mai sanyi. Hanyoyinmu ba haka suke ba, kuma wannan ne babban abin da nake so mai karatu ya riƙe.

Lissafin yana canzawa gaba ɗaya idan giyabos ɗin yana da giya ta huɗu mai hutar da inji. 700R4, wanda General Motors ta fito da shi a 1982, giyarsa ta huɗu 0.70 ce, ta 200-4R kuma 0.67. Sai a ninka amsar farko da wannan lamba. Mai 3.73 da 700R4 a gudun 120 injinsa yana wajen 2,400 ne kawai, ƙasa da na mai 2.73 da giya uku. Mai 3.42 yana wajen 2,200. Ke nan tambayar farko ba wace lamba ta fi ba ce, tambayar ita ce wane giyabos ne a motar. Wanda ba shi da giya ta huɗu kuma yana hawa doguwar hanya, a ganina kada ya wuce 3.08, iyaka 3.23. Mai giya ta huɗu yana da sarari har 3.42 ko 3.73. Abin lura, Impala SS ta 1994 zuwa 1996, wadda aka sayar a yankin nan da sunan Caprice SS, injinta doki 260 ne, tana da giya ta huɗu, amma kamfanin da kansa 3.08 ya zaɓa mata.

Masu cewa hawan Hada zuwa Ɗa'if yana bukatar babbar lamba suna da hujja, domin motar za ta hau da sauƙi kuma inji zai fi taimaka wa birki wajen riƙe ta a gangara. Sai dai a kan dutse kana iya mayar da giya zuwa ta biyu da hannunka ka samu wannan amfanin. A miƙaƙƙiyar hanya kuwa, idan ka kai giyar ƙarshe babu wata a samanta.

Akwai wurin da canjin lamba gyara ne, ba kwalliya ba. Mai GMC ko Land Cruiser da ya ɗaga tayoyinsa daga inci 30 zuwa 33 ya rage wa kansa ƙarfi da kimanin kashi goma cikin ɗari ba tare da ya taɓa difaransi ba, kuma komawa daga 3.73 zuwa 4.10 mayar da motar ne yadda take. A mota mai jan taya huɗu dole lambar gaba da ta baya su zama ɗaya. Idan suka saɓa, ranar da aka saka ta a jan huɗu a kan ƙasa mai tauri wani ƙarfe zai karye.

Batun mai ba sai an tsawaita ba. Kafin ƙarshen 2015 litar fetur mai lamba 91 halala 45 ce. Ta koma 75, ta koma riyal 1.37 a 2018, kuma tun Yulin 2021 aka tsayar da ita a riyal 2.18. A cikin gari bambancin shan mai tsakanin lambobin nan ba shi da yawa. A doguwar hanya aljihu zai ji shi.

Agogon gudu da Sahir

A yawancin motocin nan agogon gudu daga giyabos yake karanta juyi, bai san an canza komai a baya ba. Wanda ya tashi daga 2.73 zuwa 3.73, idan yana gudun 100 agogo zai nuna masa 137, kuma lambar kilomita za ta riƙa cika da sauri, abin da zai rage wa motar daraja ranar sayarwa. Wanda ya yi akasin haka shi ne a cikin haɗari: ya sayo difaransi 2.73 daga tashlih, wato inda ake sayar da kayan tsofaffin motocin da aka kwance, ya saka a motar da ta zo da 3.73, agogo yana nuna masa 120 alhali yana 164. Kyamarorin Sahir, da suke aiki tun 2010, gudun gaskiya suke aunawa. Maganin ba shi da tsada. A tsofaffin giyabos ana canza wata 'yar giyar roba da ke juya wayar agogo, a masu kwamfuta kuma a gyara lissafin a ciki. Kafin nan, a gwada agogon da gudun da taswirar waya take nunawa.

Difaransi mai riƙo magana ce daban

Difaransi na gama-gari, wanda za mu kira sakakke, yana raba ƙarfin murɗawa daidai wa daida tsakanin tayoyi biyu, a kowane hali. Wannan adalcin shi ne rauninsa. Idan taya ɗaya ta faɗa yashi ko ta hau wurin santsi, ƙarfi kaɗan ya ishe ta ta fara juyi a banza, kuma wadda ke kan kwalta ba za ta samu fiye da wannan kaɗan ɗin ba. Mota tana da inji lafiyayye, taya ɗaya tana da wurin kamawa, amma ba za ta motsa ba. A motoci masu aksil guda a baya, ta dama ce ta fi saurin sakin ƙasa a tashi, saboda murɗawar farfela tana ɗan ɗaga wannan gefen.

LSD, wato difaransi mai riƙo, yana barin tayoyin su saɓa a kwana amma yana hana saɓanin ya yi yawa. Dabarar ta tsufa. Kamfanin ZF na Jamus ya ƙera wa motocin tseren Auto Union irinsa a 1935, bisa buƙatar Ferdinand Porsche. Packard ta fito da shi a motocin kasuwa a 1956 da sunan Twin Traction, Chevrolet ta biyo a 1957 da Positraction, Ford ta kira nata Traction-Lok, Chrysler kuma Sure-Grip. Sunaye ne na kasuwa, aikin ɗaya ne.

Wanda aka fi samu shi ne mai faya-fayan kuloci a cikin kwanso, da sifirin da ke matse su. Yana aiki da kyau, ana iya sabunta faya-fayansa, amma suna cinyewa, kuma wanda ya yi shekara talatin ba a buɗe shi ba sau da yawa ya riga ya koma sakakke ba tare da mai shi ya sani ba. Akwai mai mazugi irin na Auburn, wanda idan ya cinye yawanci sai dai a canza. Akwai mai murɗaɗɗun giyoyi, dangin Torsen da Vernon Gleasman ya ƙirƙiro da Truetrac na Eaton, wanda ba shi da faifan da zai cinye, ba ya ƙara, ba ya bukatar wani ƙarin sinadari a mai. Rauninsa shi ne idan taya ɗaya ta tashi sama gaba ɗaya sai ya rasa abin dogara, sai direba ya ɗan taɓa birki. Ga motar da ake hawa kullum a kan kwalta, shi na fi amincewa da shi.

Diflok kuma wani abu ne daban, shi kulle tayoyin yake yi su zama ɗaya. A nan akwai tarkon da ya kama mutane da yawa: lambar G80 a takardar kayan General Motors. A ƙananan motoci tana nufin difaransi mai riƙo. A GMC da Suburban tana nufin wani makulli na Eaton da ke kama kansa idan taya ɗaya ta fi ɗaya juyi sosai, kuma ba ya kamawa idan gudu ya wuce kimanin kilomita 30. Yana da amfani wajen fita daga yashi a hankali, amma wanda ya riƙa banka masa wuta zai fasa shi.

Wa yake amfana, wa yake cutuwa

Mai fita kashta, wato yawon shaƙatawa a cikin yashi, bayan gari wajen Usfan, mai gona a kan hanyar da ba kwalta, mai jan tirela, da wanda ya ƙara wa injinsa ƙarfi har taya ɗaya ba ta iya ɗauka, duk waɗannan za su ga amfanin difaransi mai riƙo tun ranar farko. Mai zirga-zirga tsakanin gida da Harami da kasuwa zai iya shekara bai ji bambanci ba.

Akwai kuma illar da bidiyo ba ya nunawa. Sakakken difaransi, idan taya ɗaya ta sulɓe, ɗayar tana nan riƙe da ƙasa, ita ke hana bayan mota zamewa gefe. Mai riƙo yana iya sa duka biyun su saki a lokaci guda. Kwaltar Jidda takan yi wata da watanni ba ta ga ruwa ba, mai da ƙura da roba sun kwanta a kanta, ruwan farko yana sauka ta zama santsi. Doguwar mota mai nauyi, ba ta da kwamfutar da ke daidaita zamewa, ga 3.73, ga LSD, ga matashi ya taka totur a shataletale: bayan motar zai riga gabanta. Wanda ya saka wannan abu dole ya sake koyon ƙafarsa a ranar ruwa.

Walda kuwa, wato a narka ƙananan giyoyin su haɗe don a samu kullen banza, ba ta da wuri a kan titi. Tana cin taya, tana karya sandar aksil, kuma a yawancin aksil ɗin General Motors da Ford 8.8 wani ɗan ƙarfe mai siffar C ne kaɗai ke riƙe sandar daga ciki, idan ta karye taya tana iya fita da guntunta. Masu yin haka yawanci tafhiɗ suke nufi, wato wasan zamar da mota a kan titi, kuma tun gyaran dokar hanya na 2016 tararsa riyal 20,000 ce a karon farko tare da tsare mota kwana 15, 40,000 a na biyu, 60,000 a na uku da yiwuwar ƙwace motar. Ga ɗan'uwanmu da ke zaune da iƙama, shiga irin wannan shari'a ba ƙaramin tashin hankali ba ne ga gida gaba ɗaya.

Kafin a tafi tashlih

A fara da sanin abin da ke cikin motar. A motocin General Motors na tsakiyar shekarun 1980 zuwa sama akwai takarda manne a aljihun gaba ko a murfin but mai jerin lambobi: GU2 shi ne 2.73, GU4 3.08, GU5 3.23, GU6 3.42, GT4 3.73, GT5 4.10. A Ford akwai ɗan ƙarfe a jikin notin murfin difaransi, idan an rubuta 3L55 to 3.55 ne mai riƙo, idan ba harafin L sakakke ne. Amma motar da ta bi hannu biyar ba a yarda da takardarta. A ɗaga bayanta a kan ƙafafun ƙarfe, ba a kan jak kaɗai ba, a juya taya ɗaya da hannu. Idan ɗayar ta juya baya, sakakke ne ko mai murɗaɗɗun giyoyi. Idan ta bi ta gefe ɗaya, mai kuloci ne. A sa alli a farfela a ƙirga juyinta: a mai riƙo juyin taya ɗaya ya isa, a sakakke a bar taya ɗaya a ƙasa a juya ɗayar sau biyu.

Sannan ba kowace karona ke hawa kowane kwanso ba. A aksil ɗin General Motors mai inci 8.5, kwanson 2.56 zuwa ƙasa daban yake da na 2.73 zuwa sama. A mai inci 7.5 rabuwar tana tsakanin 3.08 da 3.23. Su biyun murfinsu noti goma-goma ne, don haka ƙirga noti ba ya raba gardama. Haƙoran kan sandar aksil ma sun bambanta, akwai mai 28 akwai mai 30, a Ford 8.8 kuma 28 da 31. Wanda ya je tashlih ɗin Biriman a Jidda ya ce wa mai shago kawai "difaransin Caprice" zai iya dawowa da ƙarfen da ba zai shiga motarsa ba. Karona da finiyon kuma tare ake goge su a masana'anta, ba a ɗaukar ɗaya daga wannan mota ɗaya daga waccan.

Hannun mu'allim ya fi kayan muhimmanci

Wannan aiki ba na kowace warsha ba ne. Akwai awo huɗu da dole su daidaita: zurfin shigar finiyon cikin karona, 'yar tazarar da ke tsakanin haƙora wadda yawanci tsakanin milimita 0.15 ne da 0.25, matsin boris ɗin finiyon, da matsin boris ɗin kwanso. Ana daidaita su da siraran wosha, a ɗaura, a auna, a kwance, a sake. A ƙarshe a shafa wa haƙoran wani fenti rawaya a juya, a ga inda suke taɓa juna, ya zama tsakiyar haƙori ne ba baki ko gindi ba. Kuskuren da bai kai kaurin takarda biyu ba ya isa ya sa difaransi kuka, kuma da zarar haƙoran sun ci a karkace, sake daidaitawa ba ya kashe kukan.

Saboda haka tambayar da za a yi kafin a ajiye mota ita ce: "Mu'allim, kana da agogon auna tazara? Za ka nuna mini fentin kafin ka rufe?" Wanda ya san aikin zai yi murna da tambayar. Wanda ya ce shi da kunne da hannu yake aunawa, a yi masa godiya a ƙara gaba. A nemi sabbin boris da sil da sabon bututun matsi na finiyon, domin shi sau ɗaya ake matse shi. Notocin karona a aksil 7.5 da 8.5 na General Motors zarensu na hagu ne, kuma an sha karya su wajen kwancewa.

Masu cewa a bar mota yadda kamfani ya yi ta suna da wata hujja da ta wuce tsoro. Tsofaffin motoci sun fara daraja a ƙasar nan, ana baje kolinsu ana gwanjonsu, kuma mai saye na gaske yana biyan kuɗi ne don asali. Duk abin da aka cire, a wanke shi, a shafa masa mai, a naɗe a ajiye. A Ford mai inci 9, wanda aka ƙera daga 1957 zuwa 1986, abin ya fi sauƙi, domin cikin difaransin gaba ɗaya yana fitowa ta gaba, mutum na iya ajiye biyu yana musanyawa.

Bayan an ɗaura, sabbin haƙora suna yin zafi sosai kafin su saba da juna. A yi tafiyar minti 15 zuwa 20 a hankali, a tsaya ya huce sarai, a maimaita haka sau da dama. Kilomita 800 na farko ba jan kaya, ba taka totur har ƙasa, ba doguwar tafiya a gudu ɗaya, wato ba ranar da aka karɓo mota ake kama hanyar Madina ba. Daga nan a zubar da man a zuba sabo mai lamba GL-5, irin 80W-90, ko 75W-140 ga mai jan kaya a zafin nan. Mai kuloci yana bukatar 'yar kwalbar sinadarin da ke sa faya-fayan su zame a hankali, in ba haka ba zai riƙa karkarwa a kowace kwana. Tayoyin baya su zama girma ɗaya da iska ɗaya, domin taya da ta fi 'yar'uwarta tsayi tana sa faya-fayan aiki ko a miƙaƙƙiyar hanya har su ƙone. A leƙa ƙarƙashin motar bayan mako guda a duba bakin finiyon da gefen murfi, tun kafin ɗigon mai ya bayyana a wajen fahas, wato binciken lafiyar mota na hukuma.